Me ya sa jitarka ba ta fitar da amon kantiri? Fashin baƙi kan salo uku da ake cakuɗawa

Mai koyo ya sayi jita, ya sha fama har ya haddace G da C da D, kamu ukun, wato hanyoyin danna tsirkiyoyi, da aka ce masa su ne jarin kiɗan kantiri. Ya zauna ya kaɗa, yatsunsa suna daidai inda aka nuna masa, amma abin da ke fita daban, abin da yake ji a wayarsa daban. To ina gizo ke saƙar? Jitar ce ba ta da kyau, ko hannun ne bai faɗa ba tukuna, ko akwai wani abu da ake tsallakewa wajen koyarwa?

Maganar kantiri ta dawo bakin mutane a 'yan shekarun nan. A 2024 Shaboozey, wanda aka haifa a jihar Bajiniya ta Amurka, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne, ya riƙe matsayi na ɗaya a Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, har mako 19 da waƙar kantiri. A watan Fabrairun 2025 Beyoncé ta karɓi kyautar Grammy ta kundin kantiri mafi fice, ita ce baƙar fata ta farko da ta samu. Da ma a Najeriya kiɗan ba baƙo ba ne, manya da yawa sun tashi suna jin muryar Jim Reeves da ta Don Williams a rediyo da kaset. Sai dai har yanzu akwai kuskure biyu da suka zauna a kan mutane: cewa kantiri da bulugiras da fok duk abu ɗaya ne, "kiɗan kaboyi", da kuma cewa wanda ya iya kamu uku ya gama. Kamu ukun gaskiya ne. Amma salon yana hannun da ke kaɗa tsirkiya, kuma shi ne hannun da masu koyo suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kantiri, bulugiras, fok: wanne ne wanne?

Fok shi ne uwa. Waƙoƙi ne da aka gada baki da baki, wasu sun ƙetaro teku daga Ingila da Sikotilan da Ailan suka zauna a tsaunukan Afalashiya, wasu kuma na baƙaƙen fata ne da aka kai bauta. A tsakiyar ƙarni na 20 mutane irin su Woody Guthrie da Pete Seeger, daga baya Joan Baez da Bob Dylan, suka kai shi birane. Siffarsa murya ɗaya da jita ɗaya, waƙar ce a gaba, jita tana yi mata rakiya.

Kantiri shi ne wannan kiɗan na karkara bayan ya shiga kasuwa. Tashar rediyon WSM ta birnin Nashbil ta fara shirin da ya zama Grand Ole Opry a 1925. A 1927 Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar naɗar murya a Biristol, garin da ke kan iyakar Tenesi da Bajiniya, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalin Carter. Daga nan kantiri ya yi rassa, ya karɓi ganguna da jitar lantarki. Wanda ake ji yau a rediyon Amurka ya yi nisa da na 1927, amma ƙashin bayan kaɗa jitarsa bai canza ba.

Bulugiras shi ne ƙarami a shekaru kuma mafi tsauri a ƙa'ida. Sunan ya fito daga ƙungiyar Bill Monroe, Blue Grass Boys, wadda ita ma ta ɗauko shi daga laƙabin jiharsa ta Kentaki. Amon da aka sani yau ya kankama a 1945, lokacin da Lester Flatt mai jita da Earl Scruggs mai banjo suka shiga ƙungiyar. Kayan kiɗansa jita, banjo mai tsirkiya biyar, mandolin (ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya), gogen Turawa, da babban bes na tsaye mai kaurin sauti, wani lokaci da dobro, wata irin jita. Babu ganga ko ɗaya. Wannan rashin gangar shi ya fayyace aikin mai jita: ana ƙirga kiɗan taki huɗu-huɗu, bes yana buga taki na ɗaya da na uku, mandolin yana sara na biyu da na huɗu, jita kuwa tana riƙe duka biyun. Ita ce mai ɗinke tsakani.

Kiɗan wa ne?

Wasu a Amurka sun ce Beyoncé ta shiga gonar da ba tata ba, wasu suka ce gida ta koma. Tarihin kayan kiɗan ya fi goyon bayan na biyun. Banjo ƙirar bayi 'yan Afirka ce a tsibiran Karibiyan da Amurka, ƙwarya da fata da sanda, kuma masu bincike sun fi danganta shi da akontin na ƙabilar Jola a Senigal da Gambiya, har a yadda ake bugun tsirkiya da bayan farce. Bahaushe ya ga banjon farko zai gane dangin gurmi da garaya da molo da kuntigi ne, ko da yake ba daga cikinsu kai tsaye ya fito ba.

A jita ma haka abin yake. Lesley Riddle, baƙar fata ne, ya yi yawo da A.P. Carter wajen tattaro waƙoƙi, Maybelle Carter kuma ta koyi wani sashe na kaɗawarta a wurinsa. Arnold Shultz, shi ma baƙar fata, ya ɗauki Bill Monroe yana saurayi suna kiɗa tare a wuraren rawa, kuma salon babban yatsa na yammacin Kentaki da ya isa hannun makaɗin jita Merle Travis ana jingina tushensa gare shi. Kamfanonin faifai ne suka raba kasuwa gida biyu a shekarun 1920, faifan farare daban, na baƙaƙe daban. Wannan bai shafe gudummawar Turawan tsaunuka ba, domin karin goge da dogayen waƙoƙin labari nasu ne. Abin da ya shafi mai koyo a nan shi ne kada ya ɗauka yana kwaikwayon abin da kunnensa bai taɓa sani ba. Sauti mai kauri da ke tafiya ba tsayawa a ƙasa, sirara suna wasa a samansa, tsari ne da ya saba ji.

Sunayen da za mu yi aiki da su

Tsirkiya shida ce. Ana ƙirgawa daga siririya, wadda ta fi kusa da ƙasa idan ka rungumi jita, ita ce ta ɗaya. Mai kaurin da ke sama ita ce ta shida. Saitinsu daga ta shida zuwa ta ɗaya: E, A, D, G, B, E. Ƙarafan da aka gitta a wuyan jita sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake, don haka "gaɓa ta uku" na nufin fili na uku daga kai. "Kamu" shi ne danna tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, abin da makaɗa ke kira kod. Fik shi ne ɗan faifan robar da ake kaɗawa da shi. Idan an ce hannun dama ana nufin mai kaɗawa, bahago sai ya juya.

Kamun G iri biyu ne, kuma zaɓin yana da tasiri. Na farko: yatsan zobe a ta shida gaɓa ta uku, na tsakiya a ta biyar gaɓa ta biyu, ƙaramin yatsa a ta ɗaya gaɓa ta uku. Da wannan, zuwa C ba wuya, yatsu biyu ne kawai za su sauko tsirkiya ɗaya-ɗaya, manuni ya sauka a ta biyu gaɓa ta ɗaya. Na biyu shi 'yan bulugiras suka fi so: na tsakiya a ta shida gaɓa ta uku, manuni a ta biyar gaɓa ta biyu, yatsan zobe da ƙarami a ta biyu da ta ɗaya gaɓa ta uku. Da shi, idan za ka je D yatsan zobe ba ya ɗagawa, shi ne turke.

Bum-cak: inda amon yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne share tsirkiya shida gaba ɗaya, ƙasa da sama, a kowane taki. Haka ake yi a wasu salon, amma a nan yana cushe komai wuri guda. Kaɗawar kantiri raba aiki ce. A taki na ɗaya fik yana bugun tsirkiya ɗaya tak mai kauri, wannan shi ne "bum". A taki na biyu yana share sirara uku ko huɗu na ƙasa, shi ne "cak". A na uku wata mai kaurin daban, a na huɗu cak kuma.

A kamun G, bum na farko ta shida ce, na biyu ta huɗu a sake, wato ba a danna ta ba. A D, ta huɗu a sake, sannan ta biyar a sake, ta shida kuwa ba a taɓa ta. A kamun A, ta biyar sannan ta shida. A kamun E, ta shida sannan ta biyar. C ce mai ɗan aiki: bum na farko ta biyar gaɓa ta uku, na biyu kuma sai yatsan zobe ya tashi ya hau ta shida gaɓa ta uku, ya dawo. Wanda wannan ya yi wa nauyi da farko ya buga ta huɗu a madadinta. Idan waƙar mai taki uku ce, sai ya zama bum, cak, cak.

A takarda abin kamar wasa. A hannu kuwa abu uku ne ke lalacewa.

Na farko, fik yana kuskure tsirkiyar da aka nufa. Dalilin shi ne hannu yana lilo daga gwiwar hannu, yana tafiya mai nisa. Maganinsa bugun da ke sauka ya huta: ka buga ta shida, ka bar fik ya faɗa kan ta biyar ya tsaya a can kafin ka ɗaga. Wannan yana ba sautin kauri, yana kuma koya wa hannu tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi ba tare da ido ya duba ba. Motsin daga wuyan hannu yake, kamar mai yarfe ruwa daga yatsu.

Na biyu, cak yana danne bum. Tsirkiya huɗu tare sun fi ɗaya ƙara, don haka idan ka buga su da ƙarfi ɗaya bes, wato sautin mai kauri, ya ɓace, shi ke nan amon ya tafi. Bum ake ba ƙarfi, cak a shafa shi da sauri a wuce, gajere, kamar tafi ɗaya.

Na uku, lokaci yana karyewa wajen canza kamu. Hannun dama yana tsayawa jiran na hagu, mai sauraro kuma ya fi jin wannan tsaikon a kan kowane kuskure. A nan akwai sauƙin da ba a cika faɗa ba: a taki na ɗaya tsirkiya ɗaya kawai kake buƙata. Ka fara kai yatsan da ke danna bes, sauran su iso kafin cak. Ka samu taki guda kyauta.

Fik ɗin kansa yana da hannu a ciki. Mai laushi na milimita 0.5 yana lanƙwashewa, yana yin kyau wajen shara amma ba ya fitar da bes. A nemi mai kaurin milimita 1.0 zuwa 1.5, a riƙe shi tsakanin cikin babban yatsa da gefen gaɓar farko ta manuni, a bar milimita uku zuwa huɗu na bakinsa a waje. Riƙon ya zama daidai yadda ba zai faɗi ba. Matse shi da ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu, bayan minti biyar damtse ya gaji.

A kunna metironom, na'urar da ke ƙyas-ƙyas don riƙe lokaci, akwai manhajojinsa kyauta a waya, a sa shi a 60, kowane ƙyas taki ɗaya. Kada a ƙara sai an yi minti biyu cur ba kuskure, sannan a ƙara huɗu ko biyar. Idan abin ya zauna, a rage shi zuwa rabi a ɗauki kowane ƙyas a matsayin cak, wato na biyu da na huɗu, kamar mandolin ne ke sara. Wannan atisayen yana da wuya a kwanakin farko, amma babu abin da ya kai shi gyara lokaci.

Bes mai tafiya da gudun G

Da bum-cak ya zauna, sai a koya wa bes tafiya daga kamu zuwa kamu. Daga G zuwa C: a ma'auni na ƙarshe kafin canji, wato taki huɗun ƙarshe, ka yi bum da cak yadda aka saba, a taki na uku ka buga ta biyar a sake, a na huɗu ta biyar gaɓa ta biyu, sai ka sauka kan ta biyar gaɓa ta uku a takin farko na C. Sautukan A, B, C ke nan, matakala uku. Dawowa sai a juya: B, A, a sauka kan G. Amfaninsa ya wuce ado, yana sanar da mawaƙi da sauran makaɗa cewa canji na zuwa.

Gudun G kuwa shi ne hatimin bulugiras, ana danganta shi da Lester Flatt. Sauti takwas ne: ta shida gaɓa ta uku, ta biyar a sake, gaɓa ta ɗaya, gaɓa ta biyu, ta huɗu a sake, gaɓa ta biyu, a sake kuma, sai a ƙare da ta uku a sake. Wasu daga ciki ba fik ke fitar da su ba. Ana buga tsirkiya a sake sai yatsan hagu ya sauka a kanta da ƙarfi kamar guduma, ko kuma yatsan ya fizge ta yayin tashi. Wurinsa ƙarshen baiti, inda mawaƙi ya tsaya shan iska. Wanda ya cusa shi a tsakiyar magana ya taka muryar mai waƙa, kuma a zaman kiɗa wannan rashin ladabi ne.

Babban yatsa: Carter, Travis da Cotten

Maybelle Carter ta juya abin da aka saba. Ta ɗora karin waƙa a kan tsirkiyoyi masu kauri, babban yatsa yana fitar da shi, manuni kuma yana share sirara a tsakanin sautuka. Mutum ɗaya, amma kamar biyu ke kiɗa. Ya fi sauƙi a kamun C, domin sautukan da ake buƙata suna kwance a gaɓoɓi uku na farko. Ƙa'idarsa ɗaya: hannun hagu ya ci gaba da riƙe kamun, yatsan da kari ke buƙata kawai zai motsa ya dawo. Duk inda kari ya ja dogon sauti, a cike gurbin da shara. Wanda ya iya bum-cak da bes mai tafiya ya riga ya ci rabin wannan, kuma ana iya yinsa da fik.

Salon Merle Travis kishiyarsa ne: bes a ƙasa ba ya tsayawa, kari a sama. Babban yatsa yana bugun kowane taki, yana musanya tsakanin tsirkiya biyu. A G, shida, huɗu, shida, huɗu. A C, biyar, huɗu, biyar, huɗu. A D, huɗu, uku, huɗu, uku. Travis da babban yatsa da manuni kawai yake yi, yana ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiyoyi masu kauri dab da jaki, wato wurin da suke zaune a jikin jita, don sautin ya fito a toshe. Chet Atkins ya ƙara yatsu ya faɗaɗa salon.

Nan ne mutane suka fi karaya, kuma dalilin a bayyane yake: suna haɗa yatsun tun babban bai tsaya da ƙafarsa ba. Mako na farko babban yatsa kaɗai, har sai ka iya yin hira da wani yana tafiya bai ɓata ba. Bayan nan a ƙara tsunkule ɗaya: a taki na ɗaya, babban yatsa da na tsakiya su ja tare, na tsakiya a tsirkiya ta ɗaya. Idan wannan ya zauna, sai a saka sauti a tsakanin taki. Ka ƙirga "ɗaya da biyu da uku da huɗu da", babban yatsa yana kan lambobi, manuni ya shigo a "da" ɗin da ke bayan biyu, a tsirkiya ta biyu. Sauti ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Duk sa'ad da babban yatsa ya yi tuntuɓe, a cire na ƙarshen da aka ƙara a koma baya.

Yawancin abin da ake ji a fok wannan tsarin ne aka sassauta, ba toshewa, sirara suna sakin amo. Elizabeth Cotten ta Karolina ta Arewa, bahaguwa ce, ta ɗauki jitar na-dama ta kifa ta ba tare da sauya tsirkiya ba, sai ya zama manuninta ke bes, babban yatsa ke kari. Ta karɓi Grammy a 1985 tana tsohuwa tukuf. Abin lura a kiɗanta shi ne bes ɗin bai taɓa karyewa ba, ko da wane yatsa ke ɗauke da shi.

Gudu da fik

A bulugiras na farko jita rakiya kawai take yi. Doc Watson, makaho daga Karolina ta Arewa, shi ya fi kowa nuna cewa za a iya ɗauko karin goge sauti bayan sauti a zuba shi a jita da fik, Clarence White da Tony Rice suka ɗora. Yau Billy Strings da Molly Tuttle ne matasa ke kallo. Tuttle ce mace ta farko da ƙungiyar bulugiras ta duniya, IBMA, ta zaɓa gwarzuwar jita, a 2017.

Dokar hannun dama a nan ba ta da sassauci: lamba ƙasa, "da" sama. Ko sautin ya tsallaka wata tsirkiya, ko an bar gurbi ba a buga ba, hannu yana ci gaba da lilonsa. Masu koyo sukan buga ƙasa sau biyu a jere inda ya fi musu sauƙi, a hankali ba a gane illar, amma da an ƙara sauri sai hannu ya harɗe. Karin goge yawanci kashi biyu ne, kowanne ma'auni takwas, ana maimaita kowanne sau biyu. A koye shi ma'auni biyu-biyu. Ra'ayina shi ne kada mai koyo ya taɓa wannan sai ya yi wata uku zuwa shida a kan rakiya, domin a zaman kiɗa na gaske mafi yawan lokacin mai jita rakiya yake yi, kuma da ita ake auna shi.

Kafo da lissafin lamba

Kafo matsi ne da ake maƙalawa a wuyan jita ya ɗaga sautin tsirkiyoyi duka. Wasu na ganinsa sandar rago. A wannan kiɗan kayan aiki ne, saboda gudun G da bes mai tafiya sun dogara da tsirkiyoyin da ke sake. Karin goge da yawa a gidan A da D suke, gida kuwa shi ne sautin da waƙa ta ginu a kansa. Sa kafo a gaɓa ta biyu ka yi kamun G, kana gidan A. Ka yi kamun C, kana D. A gaɓa ta huɗu kamun G ya zama B. A ɗaura shi dab da bayan ƙarfen gaɓa, a miƙe, sannan a sake duba saiti, domin matsinsa yakan ja sauti sama kaɗan.

Makaɗan Nashbil tun ƙarshen shekarun 1950 suna kiran kamu da lamba maimakon harafi. A gidan G, ɗaya G ce, huɗu C, biyar D. A gidan C, su ne C, F, G. A gidan D, D, G, A. Idan aka ce waƙa "ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar" ce, ka iya ta a kowane gida, mawaƙi ya ce ta yi masa ƙasa sai ka matsar da kafo kurum.

Kunne ko takarda?

Masu koyarwa sun rabu. Ɓangare ɗaya ya ce a yi amfani da tab, zanen layi shida da lambobi da ke nuna inda yatsa zai sauka, domin yana kawar da lalube. Ɗaya ɓangaren ya ce kiɗan nan da kunne aka gada shi, kuma wanda ya dogara da takarda yakan daskare idan aka fara waƙar da bai taɓa gani ba. Kowanne yana da hujja. Tab yana nuna wuri, amma ba ya nuna nauyin hannu, wanda shi ne duk abin da muke magana a kai. Hanyar da ta fi: a saurari waƙa har a iya rera ta da baki, a rage saurin bidiyo zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari, a lalubo abin da za a iya, a duba tab a inda aka maƙale kawai, sannan a rufe shi. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Yatsun hagu za su yi zafi mako biyu zuwa huɗu kafin kanta ta fito, kuma a yanke farcensu ƙasa sosai. Idan tsirkiya tana zuza, yawanci yatsa ya yi nisa da ƙarfen gaɓa ne, a matso da shi dab da bayansa maimakon ƙara ƙarfi.

Jitar da za a saya, da abin da hunturu ke yi mata

Amon da ake nema na jita mai tsirkiyar ƙarfe ne, musamman mai babban ciki da ake kira diradnot, ƙirar kamfanin Martin da ya fara sayarwa da sunansa a 1931. An yi ta da girma don bes ya fito, shi ya sa ta iya tsayawa kusa da banjo ba a danne ta ba. Ba sai Martin ba, kamfanoni da yawa suna yin wannan ƙira da araha. Abin da ba a yi shi ne ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba. Saitin ƙarfe mai sauƙi, .012 zuwa .053, yana jan sama da kilo 70, matsakaici kuma, .013 zuwa .056, wanda 'yan bulugiras suka fi so, ya haura 80. Jitar roba ba ta jure wannan, jaki zai ɓalle ko wuya ya lanƙwashe. Mai koyo ya fara da mai sauƙi.

Kafin a biya kuɗin ta hannu, a auna tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12. Kimanin milimita 2.4 a ta shida da 1.6 a ta ɗaya shi ne daidai. Idan ta kai huɗu, yatsu za su sha wuya, mutum ya zaci shi ne bai iya ba. Ana rage tazarar ta hanyar goge ƙasan farin ƙashin da ke kan jaki, kuma don a sauke milimita ɗaya a gaɓa ta 12 sai an cire biyu a ƙashin. Idan ƙashin ya riga ya yi ƙasa amma tazarar na nan, wuyan ne ya tashi, a bar wannan jitar. A gwada zura takarda ƙarƙashin bayan jaki, in ta shiga ya fara ɗagowa. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuma aikinta gyara lanƙwasa, kada a juya ta fiye da rubu'in zagaye a lokaci ɗaya.

Masu ƙera jita suna son danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Katako yana tsukewa, bakin ƙarafan gaɓa ya fara karce hannu, fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta soma zuza, daga nan sai tsagewa. A ajiye ta cikin akwatinta a rufe, tare da soso da aka jiƙa aka matse sosai, a cikin gidan sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katako. A duba soson bayan kwana biyu ko uku. Jita mai katako falle-falle da aka manne ta fi ta katako guda jure wannan yanayi, ga ta da araha, don haka ga mai koyo a Arewa ita ce zaɓin da ya fi. Da damina abin yana juyawa: fuska ta kumbura, tazara ta ƙaru, tsirkiya ta yi tsatsa. A cire soson, a riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Kuma ko a wane lokaci kada a bar ta cikin mota a rana, zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe jaki alhali tsirkiyoyi suna jansa.